Filin Tambayoyinku: Zana Da'irar Lantarki a Kwamfuta

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato manhajojin da ake zana da'irar lantarki da su a kwamfuta, a gwada ta, sannan a fitar da allon da za a jera kayan a kai. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA, daga wani mai gyaran rediyo da talabijin a Nima, Accra: Assalamu alaikum Malamai. Sana'ata gyara ce, amma nakan haɗa ƙananan abubuwa irin su caja da amfilifaya a kan allon nan mai ramuka da ake sayarwa a Zongo Lane. Wayoyin da nake haɗawa ta ƙasa suna yawan taɓa juna. An ce akwai manhajar da ke wannan aiki. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta giga 4. Wacce zan saka, kuma ta ina ake farawa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Saka KiCad. Kyauta ce ta halal, ba wadda aka fasa ba, kuma da zarar ta zauna a kwamfuta ba ta ƙara neman intanet. Wani malami a birnin Grenoble na ƙasar Faransa, Jean-Pierre Charras, shi ya fara ta a 1992, daga baya cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Fitowa ta 8 ta zo a 2024, ta 9 a 2025. Fayil ɗin sakawa na Windows ya haura giga 1, saboda haka mutum ɗaya ya sauke, sauran abokan sana'a su kwafa a filas, kada kowa ya ƙona datarsa. Giga 4 zai ɗauki ƙananan alluna irin naka, sai dai in ka buɗe hoton allo mai fuska uku za ka ga tana jan ƙafa. Sababbin fitowar suna son Windows 10 ko 11. In Windows 7 gare ka, ko dai ka nemi tsohuwar fitowa ta 5.1, ko ka saka Linux, wanda shi muka fi so wa tsohuwar kwamfuta. Ka sayi linzami mai taya a tsakiya, domin da allon shafawa na laftof aikin zai gundure ka tun ranar farko.

Ayyuka huɗu ne a cikin manhaja ɗaya. Na farko zanen alamomi, irin wanda ka saba gani a takardar gyaran talabijin. Na biyu gwajin kwaikwayo, inda kwamfuta ke lissafa yadda wuta za ta bi da'irar. Na uku zanen allon kansa, da layukan jan ƙarfe da ramuka. Na huɗu fitar da fayilolin da masu buga allo ke karɓa. Amfanin haɗuwarsu shi ne zanen alamomi da zanen allo suna riƙe da juna. In ka ƙara rezista ɗaya a zanen alamomi ka danna F8, za ta bayyana a allo da siraran zare masu nuna inda kowace ƙafarta ya kamata ta je, kuma zaren ba zai ɓace ba sai ka ja layin. Matsalar wayar da aka manta ko aka kai inda ba nan ba, a nan take ƙarewa.

Maɓallan da za ka fara haddacewa kaɗan ne. A zanen alamomi, A na kawo kaya, P na kawo alamar wuta ko ƙasa, W na jan waya, R na juyawa, M na matsarwa, E na buɗe bayanin kaya ka rubuta ƙimarsa. A zanen allo, X na jan layi, V na huda ƙaramin rami ya kai ka ɗaya fuskar, B na cike filin jan ƙarfe. Kada ka fara da amfilifaya. Fara da aisi (IC, ƙaramin kaya mai ƙafafu da yawa da da'ira a cikinsa) mai lamba 555, mai kunna fitila tana kashewa, kaya shida ko bakwai, ka bi shi daga zane har allo. Kuma ka sa yatsa ya saba da Ctrl da S, domin batirin tsohuwar laftof ba abin dogaro ba ne ranar da aka ɗauke wuta.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar koyon lantarki a Madina, Accra: Na zana da'irar da ke rage bolt 12 na batir zuwa bolt 5 da 7805, tana ciyar da Arduino (ƙaramin allon da ake rubuta wa shiri) da rile ɗaya (makunnin da wuta ke kaɗawa). A gwajin kwamfuta komai lafiya. Da na haɗa ta a zahiri, 7805 yana zafi har ba ya taɓuwa, kuma duk sanda rile ya kaɗa sai Arduino ya mutu ya sake tashi. Ina laifin yake?

AMSA: 'Yar'uwa, matsaloli biyu ne daban, kuma dukkansu irin waɗanda gwajin kwamfuta ba ya faɗa sai an tambaye shi.

Zafin lissafi ne kawai. 7805 ba ya rage wuta ta wata dabara, ƙone rarar yake yi ta zama zafi. Ki cire 5 daga 12, saura 7, ki ninka da abin da kayan ke ja. In rabin amfiya ne, wat 3.5 ke nan. Batirin da ake kira na bolt 12 kuwa yakan kai 14.4 lokacin caji, sai zafin ya zama wat 4.7. Jikin 7805 tsirara, ba ƙarfen shan zafi, yana ƙaruwa da digiri 50 ko fiye a kan kowane wat, alhali cikinsa bai kamata ya wuce digiri 125 ba. Ki ɗora zafin Accra a kai. Yana da kariya a ciki da ke datse wuta in ya yi zafi da yawa, don haka wani lokaci shi kansa zafin ne ke kashe Arduino. Ko dai ki ɗaura masa ƙarfen shan zafi babba da ɗan man shafawa a tsakani, ko ki maye shi da ƙaramin allon LM2596, wanda ke rage wuta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri kuma zafinsa kaɗan ne. Ki daidaita shi a kan bolt 5 da mita kafin ki jona masa komai.

Na rile kuwa, naɗin wayar da ke cikinsa yana harbo wuta mai ƙarfi baya a daidai lokacin da aka yanke masa. Ki sa dayod 1N4007 a kan ƙafafun naɗin guda biyu, ɓangaren mai zobe yana kallon inda wuta ke shigowa. Kada ƙafar Arduino ta ja rile kai tsaye, transista ce za ta ja, da rezista kilo 1 a ƙafarta ta tsakiyar aiki, wato bes. Ki sa kafasita mai lamba 104, nanofarad 100 ke nan, dab da ƙafar wutar kowane aisi, ba can nesa ba, sannan 7805 ya samu nasa a shiga da fita: takardar bayaninsa ta ce 0.33 da 0.1 na maikirofarad.

Dalilin da ya sa kwamfuta ba ta nuna miki ba shi ne batirinta ba ya gajiya, wayoyinta ba su da tsawo, kayanta ba sa ƙonewa. In kina so ta matso kusa da gaskiya, ki jera wa batirin rezista ƙarama ta rabin om, ki sa ta auna wat ɗin da kowane kaya ke ci, ki kwatanta da abin da takardar bayaninsa ta yarda. Injin lissafin da yawancin manhajojin nan ke hawa a kai, SPICE, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito a 1973, kuma yana da ɗabi'u biyu da ke kama sababbin shiga. Dole da'ira ta kasance da alamar ƙasa, in babu ba zai lissafa komai ba. Sannan a manhajar gwaji ta LTspice harafin M ɗaya bisa dubu yake nufi, ba miliyan ba. Wanda ya rubuta 1M yana nufin rezista miliyan ɗaya, ya sa guntuwar waya ce bai sani ba. Sai an rubuta 1Meg. Haka ma 1F a kan kafasita ba farad ɗaya ba ne, ƙima ce ƙanƙanuwa da kusan babu ita.

TAMBAYA, daga wani matashi a Fadama: Duk sanda na sa KiCad ta binciki zanena sai ta yi ja ta ce ƙafar wuta ba ta samun wuta, alhali na haɗa ta da soket ɗin batir. In kashe binciken?

AMSA: A'a ƙanena, kada ka kashe. Manhajar ba ta san batir za a jona a soket ɗin ba, ƙafafu biyu kawai take gani. Ka danna P, ka nemi alamar PWR_FLAG, ka liƙa ɗaya a wayar wuta, ɗaya a wayar ƙasa, ƙorafin zai tafi. Ƙafar aisi da ba ka amfani da ita da gangan, ka danna Q ka sa mata alamar giciye. In ka share waɗannan biyu, duk jan da ya rage kuskure ne na gaske, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA, daga wani mai haɗa fitilun caji a Mamobi: Na zana allo da transista BC547, aka bugo mini guda goma. Da na je saye ba a samu BC547 ba, mai shago ya ba ni C945 ya ce aikinsu ɗaya. Na liƙa, ko ɗaya bai tashi ba. Kafasita babba ma ƙafafunta ba su shiga ramukan ba sai da na lanƙwasa. Allunan sun lalace ke nan?

AMSA: Ba su lalace ba Malam, kuma mai shago bai yi maka ƙarya ba. A ƙaramin aiki irin na fitila C945 na iya tsayawa a madadin BC547. Jerin ƙafafunsu ne ya bambanta. Ka riƙe transista, fuskar mai rubutu tana kallonka, ƙafafu ƙasa, ka karanta daga hagu. BC547 kolekta, bes, emita. C945 da C1815 emita, kolekta, bes. 2N3904 emita, bes, kolekta. Jikinsu iri ɗaya ne sak, shi ya sa ido ba ya kamawa. Gyaran naka: ka cire C945, ka juya bayanta inda fuskarta take, emita za ta faɗa raminta daidai, sai ka gitta sauran ƙafafu biyun, ka zura wa ɗaya rigar roba don kada su taɓa juna. Da 2N3904 aka ba ka, juyawar kaɗai ta isa. Irin wannan tarko yana nan tsakanin 7805 da ƙaninsa 78L05: babban shiga, ƙasa, fita, ƙaramin fita, ƙasa, shiga.

Wannan tambaya ita ce muka fi so kowa ya tsaya a kanta, domin a nan kuɗin mutane suka fi zubewa. A cikin manhaja kowane kaya yana da fuska biyu: alamarsa a zane, da sawunsa a allo, wato girman jikinsa da tazarar ramukansa da lambar kowace ƙafa. Kai ne ke haɗa alama da sawu. In ka haɗa ba daidai ba, babu binciken da zai yi ja, domin manhajar ba ta taɓa ganin abin da ke cikin ledarka ba. Wanda ya zana allo kafin ya sayi kaya kamar tela ne da ya yanka yadi bai auna mai riga ba. Ma'ajin sawu na KiCad an gina shi ne a kan takardun manyan kamfanoni, kasuwarmu kuwa abin da jirgi ya kawo shi ake samu, yau wannan kamfani, gobe wancan, wani ma daga tsohon allo aka ciro shi.

Saboda haka tsarin aiki a nan garin ya zama haka. Ka gama zanen alamomi, ka je kasuwa ka sayo kayan duka, har da rara. Ka zauna da ma'aunin baniya, ko rula mai milimita in shi ke gare ka, ka auna faɗin kowace kafasita da tazarar ƙafafunta. Mai maikirofarad 1000 ta bolt 25 sau da yawa faɗinta milimita 10 ne, tazarar ƙafa 5, amma akwai masu 13. Soket mai kusoshi na ɗaure waya akwai mai tazarar 5.00 akwai mai 5.08. A baki biyu ba za ka ji bambancin ba, a baki goma ya taru ya kai 0.72, ba zai shiga ba. Rile kam kowane kamfani da jerinsa, sai ka bi ƙafafunsa da mita ka gano naɗi da bakuna. Transistar da rubutunta ya goge, ka sa mita a ma'aunin dayod: ƙafar da ke ba da 0.6 zuwa 0.7 da sauran biyun ita ce bes.

In ka gama zanen allo, ka buga shi a farar takarda a girmansa na ainihi, kashi 100, ka tabbata firinta ba ta rage shi don ya cika shafi ba. Ka auna gefen allon a takardar da rula. Ka shimfiɗa ta a kan soso ko kwali, ka soka ƙafafun kowane kaya a raminsa. Nan take za ka ga kafasitar da ta hau kan rezista, da ƙarfen shan zafin da ya tokare soket, da kusar da sukudireba ba za ta kai gare ta ba. Kuɗin wannan gwaji takarda ɗaya ce.

TAMBAYA, daga wani mai saka sola a Ashaiman: Allon cajin batir da na yi, layin da ke zuwa batir ya yi baƙi ya tsinke. Amfiya 8 zuwa 10 yake ɗauka.

AMSA: Layin ya yi siriri, ɗan'uwa. KiCad tana farawa ne da faɗin milimita 0.2 ko 0.25, wanda na sigina ne, ba na kaya ba. Jan ƙarfen da ke kan allo na yau da kullum kaurinsa maikiron 35 ne kacal. Bisa lissafin ƙa'idar IPC-2221, in ana so layin waje kada ya ƙara zafi fiye da digiri 10, amfiya 1 na son kusan milimita 0.3, amfiya 3 kusan 1.4, amfiya 5 kusan 2.8, amfiya 10 kuwa ya haura 7. Ka lura faɗin ya fi wutar saurin hawa. Akwai ma'aunin lissafin wannan a cikin KiCad, ka sa amfiya ya ba ka faɗi, kai kuma ka ƙara a kai, tunda allonka a cikin akwati zai zauna ƙarƙashin rufin kwano.

A amfiya 10 ka daina jan layi, ka zuba fili guda na jan ƙarfe a fuska biyu, ka ɗinke su da ƙananan ramuka da yawa. Ka duba inda filin ya tsuke, wajen wucewa tsakanin ƙafafu biyu misali, domin a nan yake ƙonewa ko da sauran wurin faɗi ne. Ka ware rukunin layukan wuta a saitin allo ka ba su nasu faɗin tun farko, don kada ka manta. Allon da ke hannunka kuma, ka kankare koren fentin layin, ka kwantar da wayar jan ƙarfe mai kauri a kansa, ka bi ta da dalma daga farko har ƙarshe. Fiyus ya zauna kusa da batir.

In allon zai taɓa wutar gida, magana ta canza. Bolt 230 da muke samu ƙololuwarsa na kai 325. Shawararmu ka bar aƙalla milimita 3 tsakanin layin wuta da na dawowa, da milimita 8 tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da hannu zai iya taɓawa, ka kuma yanka tsaga a allon tsakaninsu. Ƙurar hunturu da laimar teku in suka haɗu a kan allo suna zama hanyar wuta. Wanda bai taɓa aiki da wutar gida ba, ya sayi adafta a rufe ya ciyar da allonsa da ita.

TAMBAYA, daga wani malamin makarantar koyon sana'a a Sabon Zango: Ina so ɗalibaina su ga allon da suka zana a hannunsu. Mu yi a makaranta, ko mu aika waje?

AMSA: Malam, ku yi na farko da hannunku, na biyu ku aika. Na hannu yana buƙatar allo mai jan ƙarfe a fuska ɗaya, firinta mai garin tona, takarda mai sheƙi, dutsen guga, da ruwan ferik kulorayid. Firinta mai tawadar ruwa ba ta yi. Tun a zane ku sa layuka su kai milimita 0.8, tazara 0.5 ko fiye, ku faɗaɗa zoben kowane rami, komai kuma a fuskar ƙasa. Inda layi biyu suka rasa hanya, ku tsallake da guntuwar waya ta sama. Fuskar ƙasa ana buga ta yadda take a kwamfuta, ba a juya ta, domin kifa takardar a kan allo shi ke juya ta. Ku rubuta wata kalma a fuskar jan ƙarfen: in ta karantu daidai a kan allo bayan guga, kun dace. A goge allon da soson ƙarfe mai laushi har ya yi ƙyalli, kada yatsa ya sake taɓa shi, a danna dutsen guga minti kaɗan, a jiƙa a ruwa har takardar ta saki. Inda layi ya yanke a cike da alƙalamin da ba ya gogewa. Ruwan ferik a roba ake zuba shi, ba a kwanon ƙarfe ba, da ɗan ɗumi, ana girgizawa, da safar hannu da tabarau. Yana cin ƙarfe, yana ɓata tufa har abada, kuma ba a zubar da shi a kwata: a adana a jarka mai murfi, yana sake amfani. Bakin huda 0.8 na rezista da aisi, 1.0 na dayod 1N4007 da 7805, 1.3 na soket mai kusoshi. Da an gama a shafa ƙaron dalma da aka narkar a sifirit, in ba haka ba iskar Accra za ta dusashe jan ƙarfen cikin kwanaki, dalma ta ƙi kamawa.

Na aikawa kuwa, masana'antun ƙasar Sin irin su JLCPCB da PCBWay suna karɓar ƙaramin oda daga allo biyar, kuma farashi mafi sauƙi yana kan allon da bai wuce milimita 100 a kowane gefe ba, fuska biyu, kauri 1.6. Kuɗin kawowa da na kwastan sukan fi na allon, don haka ku haɗa zanen ɗalibai da yawa a jigila ɗaya, ku sa lambar waya mai aiki da adireshin GhanaPostGPS na makarantar. Kafin fitar da fayiloli a danna B don filayen jan ƙarfe su sabunta, a gudanar da binciken allo har ya nuna babu kuskure kuma babu ƙafar da ba a haɗa ba. Fayilolin Gerber da ake buƙata, wato waɗanda masu buga allo ke karɓa, su ne jan ƙarfen sama da ƙasa, fentin kariya na sama da ƙasa, rubutun kan allo, da layin gefe, wanda dole ya zagayo ya rufe. Fayil ɗin ramuka da maɓallinsa daban ake fitar da shi, kuma shi aka fi mantawa. Ku buɗe su duka a manhajar duba Gerber da ke cikin KiCad kafin ku matse su a zip. Wani abu kuma: kwamfutocin aji duka su kasance a kan fitowa ɗaya, domin aikin da aka ajiye a sabuwa ba ya buɗuwa a tsohuwa.

TAMBAYA, daga wani injiniya a Kanda: Ina da tsofaffin zane a EAGLE. Abokaina kuma wasu EasyEDA suke amfani da ita, wasu Proteus. In koma ina?

AMSA: Yallaɓai, kamfanin Autodesk, wanda ya sayi EAGLE a 2016, ya sanar da daina sayar da ita da kula da ita daga 7 ga Yuni 2026, ya mayar da aikin cikin Fusion. KiCad tana shigo da zanen EAGLE na fitowa ta 6 zuwa sama. In naka sun girmi haka, ka buɗe su a EAGLE ta 6 ko sama ka sake ajiyewa tukuna. Bayan shigowa ka sake cike filayen jan ƙarfe, ka duba ƙa'idojin tazara, domin ba kullum suke biyowa daidai ba.

EasyEDA tana da sauƙi ga wanda zai sayi kaya a LCSC ya buga a JLCPCB, tunda gidansu ɗaya kuma sawun kayan a shirye yake, sai dai ta fi daɗi inda intanet ke tsaye. Proteus, ta kamfanin Labcenter na Ingila, ƙarfinta shi ne tana gudanar da shirin da ka rubuta wa PIC ko Arduino a cikin da'irar kwaikwayo, amma ta kuɗi ce. Fasassun kwafin da ke yawo a filas haƙƙin mutane ne, kuma ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfutar da duk aikinka ke ciki. In gwajin da'irar wuta ko ta sauti ne damuwarka, LTspice ta kamfanin Analog Devices kyauta ce, ka gwada a can, ka zana allon a KiCad.